Shin da gaske Bernie Sanders yake? Abin da ƙuri'unsa suka nuna

Tambaya: Malam, kwanakin nan ina yawan cin karo da bidiyon wani dattijo ɗan majalisar Amurka, Bernie Sanders, yana caccakar Netanyahu yana cewa a daina bai wa Isra'ila makamai. An ce mini shi kansa Bayahude ne. Da gaske yake, ko dai irin wasan 'yan siyasa ne? Wane ne shi, kuma me ya taɓa tsinanawa a majalisa ban da surutu?

Amsa: Ɗan'uwa, da gaske yake. Ba bidiyon ne ya sa na faɗi haka ba, domin kowa ya iya tsara magana idan an haska masa kyamara. Dalilina shi ne mutumin nan tun watan Janairun 1991 yake kaɗa ƙuri'a a majalisar dokokin Amurka, kuma kusan duk wata ƙuri'a mai nauyi da ya kaɗa tana nan a rubuce da sunansa da ranarta. Mu nan mun saba da a ce masu goyon baya su ce eh, masu adawa su ce a'a, shugaba ya buga guduma, a tashi ba ka san inda wakilinka ya tsaya ba. A can, a Majalisar Wakilai kowa kati yake sakawa a na'ura, sunansa ya fito a jikin bango da kore ko ja. A Majalisar Dattawa kuwa akawu ne ke kiran suna ɗaya bayan ɗaya, sanata ya matso gaba ya faɗi matsayinsa, ko ya ɗaga babban yatsa sama ko ya kifar da shi ƙasa. Saboda haka wanda ya daɗe kamar Sanders ba shi da wurin ɓuya. Idan ka bi ƙuri'un nan za ka ga inda ya tsaya kai da fata, za ka kuma ga inda ya sassauta, kuma zan nuna maka duka biyun.

An haife shi ranar 8 ga Satumban 1941 a Brooklyn, cikin birnin New York. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Poland yana saurayi, ya rayu yana tallan fenti, kuma da yawa daga cikin danginsa da suka rage a Turai 'yan Nazi sun kashe su. Gida ne na masu ƙaramin ƙarfi. A jami'ar Chicago ya shiga gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, ya jagoranci zaman dirshan a 1962 a kan yadda ake nuna wariya a gidajen haya mallakar jami'ar, a 1963 kuma 'yan sanda suka kama shi a wata zanga-zangar adawa da wariya a makarantu, aka ci shi tarar dala 25. Daga baya ya koma Vermont, wata ƙaramar jiha a arewa maso gabas mai iyaka da Kanada, wadda mutanenta ba su kai dubu 700 ba. A shekarun 1970 ya yi ta tsayawa takarar gwamna da sanata a wata 'yar ƙaramar jam'iyya yana shan kaye. A 1981 ya ci kujerar magajin garin Burlington da ratar ƙuri'a 10 kacal, ya riƙe ta har 1989. Ya shiga Majalisar Wakilai bayan zaɓen 1990, ya koma ta Dattawa bayan zaɓen 2006, an sake zaɓarsa a 2012 da 2018 da 2024. Ɗan indifenda ne, kodayake da 'yan Democrat yake zama a majalisa, kuma a inuwarsu ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2016 da 2020 bai samu ba. Babu ɗan indifendan da ya kai shi daɗewa a tarihin majalisar.

Kafin mu je kan Falasɗinu, ya kamata ka san cewa ba ita ce uwar siyasarsa ba. Abin da ya tsaya a kai tun yana matashi shi ne tazarar da ke tsakanin attajirai da ma'aikata. Yana kiran kansa ɗan gurguzu mai bin dimokuraɗiyya, kuma abin da yake nufi shi ne irin tsarin ƙasashen Denmark da Sweden: a bar kasuwa ta yi aikinta, amma a karɓi haraji mai kauri daga masu hali, gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa da karatun jami'a, ƙungiyoyin ƙwadago su yi ƙarfi. A wannan fage ƙuri'unsa a miƙe suke. A 1993 ya ƙi yarjejeniyar cinikayya ta NAFTA da Mexico da Kanada, yana cewa masana'antu za su kwashe ayyuka su kai inda lada ke da araha. A 1996 ya ƙi dokar da ta rage tallafin talakawa. A 1999 ya ƙi dokar da ta cire katangar da ke tsakanin bankunan ajiya da bankunan zuba jari. A 2000 ya ƙi bai wa China matsayin dindindin na abokiyar ciniki. Ka lura, duka huɗun nan Bill Clinton ne ya sa musu hannu, shugaban da ya fito daga ɓangaren da Sanders ke zama. Da bankuna suka durƙushe a 2008, aka kawo ƙudurin ceto su da dala biliyan 700, ya ƙi, yana cewa waɗanda suka ci ribar ɓarnar su ya kamata su biya.

Ranar da ta fito da shi idon duniya ita ce 10 ga Disamban 2010. Obama ya ƙulla yarjejeniya da 'yan Republican a tsawaita rangwamen harajin zamanin Bush, har da na manyan attajirai. Sanders, yana da shekara 69, ya miƙe a zauren majalisa da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi, bai sauka ba sai wajen bakwai na yamma. Awa takwas da rabi. Ƙa'idar majalisar ita ce idan ka zauna ko ka fita daga zauren ka rasa damar maganar, don haka a tsaye ya yi ta, kujeru kusan duk babu kowa, sanatoci biyu ne kawai suka leƙo suka taya shi na ɗan lokaci. Ya yi ta jero alƙaluman dukiyar da ta taru a hannun 'yan tsiraru, yana karanta wasiƙun da mutanen jiharsa suka aiko masa, masu ba da labarin yadda suke fama da kuɗin man ɗumama gida a lokacin sanyi. Bayan kwana biyar ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 81 da 19. Bai hana komai ba a ranar. Amma daga wannan jawabi ne matasa suka fara neman sunansa, kuma shi ne ya share masa hanyar takarar 2016, inda ya samu ƙuri'a kusan miliyan 13 a zaɓen fid da gwani, da kuɗin kamfe da akasarinsa ƙananan gudunmawa ne, matsakaicinsu dala 27.

To me ya tsinana? Tambayar nan taka ita ce masu adawa da shi suka fi jifansa da ita, kuma tana da tushe. Zuwa lokacin takararsa ta 2016, bayan shekara 25 a majalisa, ƙudurori uku ne kawai masu ɗauke da sunansa a matsayin uban ƙuduri suka zama doka: biyu na sauya wa ofisoshin gidan waya suna ne a Vermont, ɗaya na ƙarin alawus ga tsofaffin sojoji. Manyan burukansa babu wanda ya cika. Inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa da kowa ba ta samu ba, karatun jami'a kyauta bai samu ba, mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009.

Sai dai ƙidayar ƙudurori ba ta cika nuna aikin ɗan majalisa a Amurka ba, domin yawancin dokoki a cikin manyan kundaye ake cusa su, masu ɗauke da sunan shugabannin kwamiti. Wanda ba shi da jam'iyya, hanyarsa ita ce gyaran fuska. Daga 1995 zuwa 2007, lokacin da 'yan Republican ke riƙe da Majalisar Wakilai, babu wakilin da ya kai Sanders yawan gyare-gyaren da suka tsallake ƙuri'ar kiran suna. Dabararsa ita ce ya nemo batun da masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi za su haɗu a kai, kamar rage wa manyan kamfanoni tallafin gwamnati. Da aka zo dokar lafiya ta Obama, wadda ke buƙatar ƙuri'a 60 cif a Majalisar Dattawa, kowane sanata ya zama mai tsada. Shi abin da ya karɓa a madadin ƙuri'arsa shi ne dala biliyan 11 ga ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka, waɗanda ke duba marasa inshora gwargwadon abin da za su iya biya. A ganina wannan ne aikinsa mafi amfani ga talaka, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A 2010 ya saka gyaran da ya tilasta a binciki basussukan gaggawa da babban bankin ƙasar ya bai wa bankuna a ɓoye, ya wuce ba tare da ko sanata ɗaya ya ƙi ba. A 2014, yana shugaban kwamitin tsofaffin sojoji, ya zauna da sanata John McCain na Republican, wanda ra'ayinsu ya yi hannun riga, suka fitar da dokar kusan dala biliyan 16 don gyara asibitocin tsofaffin sojoji. Amma a nan ma an zarge shi da jinkirin yarda cewa akwai badaƙala a asibitocin, saboda ƙaunarsa ga duk abin da gwamnati ke gudanarwa, kuma ina ganin zargin yana da ƙamshin gaskiya.

Akwai kuma abin da ya cim ma da matsin lamba kawai. Tun 1999 ya cika mota da matan Vermont masu fama da sankarar mama, ya tsallaka da su Kanada suka sayi maganin tamoxifen a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashinsa a Amurka, magani ɗaya, kamfani ɗaya. A Satumban 2018 ya gabatar da ƙudurin da ya auna kamfanin Amazon a kan ƙarancin ladan ma'aikata, bayan wata guda kamfanin ya ɗaga mafi ƙarancin ladansa zuwa dala 15 a awa. Da ya so ya mayar da dala 15 ɗin doka ga ƙasa baki ɗaya a Maris 2021, ya samu ƙuri'a 42, aka ƙi da 58, takwas daga cikin masu ƙin daga ɓangarensa suke. Ya san ba zai ci ba tun kafin a fara. Abin da yake so shi ne kowa ya fito fili a rubuta sunansa. Ka riƙe wannan, domin ita ce dabarar da ya ɗauko daga baya a kan makaman Isra'ila.

A kan yaƙi, mutane na ɗaukarsa wanda bai taɓa goyon bayan amfani da soja ba, kuma ba haka ba ne. Gaskiya ne kwana tara da rantsar da shi, a Janairun 1991, ya ƙi amincewa da yaƙin farko da Iraƙi. Gaskiya ne a Oktoban 2002 yana cikin wakilai 133 da suka ƙi ba Bush izinin mamaye Iraƙi, lokacin da Hillary Clinton da Joe Biden suka amince a Majalisar Dattawa. A jawabinsa na lokacin ya tambayi wa zai mulki Iraƙi bayan Saddam, da abin da Amurka za ta yi idan yaƙin basasa ya ɓarke, tambayoyin da daga baya suka zama su ne labarin. Ya kuma ƙi dokar Patriot Act ta 2001 da ta faɗaɗa leƙen asirin jama'a, wadda Musulmin Amurka suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Amma a 1999 ya goyi bayan luguden wuta a kan Sabiya saboda Kosovo, har wani ma'aikacinsa ya ajiye aiki don fushi. A Satumban 2001, da aka kawo izinin yaƙi bayan harin 11 ga Satumba, izinin da aka shiga Afganistan da shi aka kuma yi ta fakewa da shi wajen kai hare-hare a ƙasashe da dama, ƙuri'a 420 da 1 aka yi. Guda ɗayan Barbara Lee ce ta California. Sanders yana cikin 420. A muhawarar Disamban 2019 ya fito ya ce ita ce ta yi daidai, shi ya yi kuskure. Sannan duk da yawan sukar da yake yi wa kasafin soja, ya goyi bayan a girke jiragen yaƙi na F-35 a Burlington, saboda ayyukan yi da za su kawo wa jiharsa.

Inda ya fi burge ni a harkar waje shi ne Yaman. A yaƙin da ƙawancen Saudiyya ke yi a ƙasar a lokacin, Amurka na taimaka masa da bayanan sirri da zuba wa jirage mai a sama, fararen hula na mutuwa, yunwa na cin yara. Sanders ya haɗa kai da Mike Lee, ɗan Republican mai tsananin ra'ayin riƙau, da Chris Murphy na Democrat, suka tono wata doka ta 1973 da ta ba majalisa ikon janye sojoji daga yaƙin da ba ta amince da shi ba. A Maris 2018 aka kayar da su. A Agusta bam ƙirar Amurka ya faɗa kan motar 'yan makaranta a lardin Sa'ada ya kashe yara kusan 40, a Oktoba aka kashe ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya a Istanbul. A Disamba ƙudurin ya wuce da 56 da 41. A 2019 majalisun biyu suka amince da shi, karo na farko da aka taɓa yin haka da wannan doka, sai Trump ya hau kujerar na-ƙi. Da Biden ya hau, Sanders ya sake kawo shi a Disamban 2022, fadar shugaban ta nuna ba ta so, ya janye ana dab da ƙuri'a. Wannan janyewar ban ji daɗinta ba, domin abin da ya yi wa Trump bai yi wa abokinsa ba.

Tabo mafi bayyana a tarihinsa shi ne bindiga. Vermont jihar karkara ce ta mafarauta, kuma a zaɓen 1990 ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta juya wa abokin hamayyarsa baya, abin da ya taimake shi. A 1993 ya ƙi dokar Brady mai tilasta jira da bincike kafin a sayar wa mutum bindiga. A 2005 ya amince da dokar da ta kare kamfanonin ƙera bindigogi daga ƙarar waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Mutumin da ya gina sunansa a kan faɗa da manyan kamfanoni, ga shi ya ba wani rukuninsu garkuwa. Sai da Hillary Clinton ta matsa masa a 2016 ya sauya, daga baya ya amsa cewa mummunar ƙuri'a ce. Haka ya amince da dokar manyan laifuka ta 1994, wadda ake ɗora wa wani kaso na alhakin cika gidajen yari da baƙar fata, yana mai kafa hujja da sassan da ke kare mata daga cin zarafi da hana manyan bindigogi. A 2007 kuma ya ƙi ƙudurin gyaran dokar shige da fice, yana cewa shirin shigo da ma'aikatan wucin gadi zai karya lada, sannan a 2013 ya amince da wani makamancinsa.

Yanzu ga abin da ya kawo ka. E, Bayahude ne, yana kuma alfahari da hakan, har ya zauna 'yan watanni a wata gonar gama-kai a Isra'ila a shekarun 1960. Bai taɓa cewa kada Isra'ila ta wanzu ba. Ƙasa biyu yake goyon baya, Isra'ila da Falasɗinu, ba ya tare da masu kiran a ƙaurace wa Isra'ila, kodayake a 2019 ya ƙi ƙudurin da zai ba da damar hukunta masu ƙauracewar, saboda 'yancin faɗin albarkacin baki. Ya kuma daɗe yana goyon bayan makaman kariya daga rokoki. Idan kana neman wanda ra'ayinsa ya zo ɗaya da na mai zanga-zanga a Kano ko Zariya, ba shi ba ne.

Kuma a hankali ya iso inda yake yau. A yaƙin Gaza na 2014, da Majalisar Dattawa ta fitar da ƙudurin goyon bayan Isra'ila, bai sa hannu a kai ba, amma bai tashi ya hana shi wucewa ba, alhali sanata ɗaya ya isa ya dakatar da irin wannan ƙuduri. A wani taron jama'a a garin Cabot a watan Agustan shekarar, ya yi cacar baki da masu goyon bayan Falasɗinawa har ya daka musu tsawa su yi shiru. A 2015 shi ne sanata na farko da ya ce ba zai halarci jawabin Netanyahu a majalisa ba. A Afrilun 2016, a muhawara da Clinton a Brooklyn, dab da zaɓen jihar da ta fi kowace yawan Yahudawa, ya ce martanin Isra'ila a Gaza ya wuce kima, kuma ba za a samu zaman lafiya ba sai an mutunta Falasɗinawa. A siyasar Amurka ta lokacin, wannan magana ce mai tsada. A 2019 ya fara cewa dala biliyan 3.8 da Amurka ke bai wa Isra'ila kowace shekara a ɗaura mata sharuɗɗa, a 2021 ya yi yunƙurin tare cinikin makamai na dala miliyan 735.

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, ya ba magoya bayansa kunya. Makonni suna wucewa, dubbai na mutuwa a Gaza, ya ƙi kiran a tsagaita wuta na dindindin, yana cewa bai ga yadda za a yi haka da Hamas ba, sai dai a dakata don shigar da agaji. Ɗaruruwan tsofaffin ma'aikatan kamfe ɗinsa suka rubuta masa wasiƙa suna roƙonsa. Ni ina ganin ya yi jinkiri a lokacin da muryarsa za ta fi amfani, kuma ba na neman masa uzuri a kai.

Abin da ya biyo baya ne ya sa na ce maka da gaske yake. A Janairun 2024 ya yi amfani da wani sashe na dokar tallafin ƙasashen waje ya tilasta ƙuri'a a kan a buƙaci ma'aikatar harkokin waje ta kawo rahoton yadda Isra'ila ke amfani da makaman Amurka. Rahoto kawai. Sanatoci 11 ne, har da shi kansa, suka goyi baya, 72 suka ƙi. A Afrilu aka kawo kundin dala biliyan 95 da ya haɗa tallafin Ukraine da na Isra'ila. Yana son a taimaki Ukraine, amma ya ƙi kundin gaba ɗaya, shi da mutum biyu kacal daga ɓangarensa, ana saura wata bakwai zaɓensa, kuma shugaban da ke neman kuɗin Biden ne, wanda yake mara wa baya. A Yuli ya ƙaurace wa jawabin Netanyahu, ya kira shi mai laifin yaƙi. Dokar sayar da makamai ta ba kowane sanata damar tilasta ƙuri'a a kan wani ciniki, sai ya mayar da ita makaminsa. A Nuwamban 2024 ya samu tsakanin 17 da 19 a ƙudurori uku. A Afrilun 2025 suka ragu zuwa 15. A ƙarshen Yulin 2025, lokacin da hotunan yunwar Gaza suka cika duniya, ƙudurinsa na hana sayar da bindigogi ya samu 27, wato fiye da rabin sanatoci 47 na ɓangaren Democrat, karo na farko ke nan. Ko ɗan Republican ɗaya bai bi shi ba. A Satumban 2025, bayan kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahotonsa, ya rubuta cewa abin da ke faruwa a Gaza kisan ƙare dangi ne, shi ne sanata na farko da ya faɗi haka, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana kauce wa furta shi.

Hujjarsa a duk waɗannan ƙuri'u ta doka ce: dokokin Amurka da kansu sun hana ba da makamai ga rundunar da ke take haƙƙin ɗan Adam, ko ƙasar da ke toshe agajin jin ƙai na Amurka. Ɗaya daga cikin dokokin ma sunan Patrick Leahy take ɗauke da shi, tsohon abokin aikinsa daga Vermont. Cewa yake a bi abin da aka riga aka rubuta. Shin ya hana ko harsashi ɗaya tafiya? A'a, duk ƙudurorin an kayar da su. Abin da ya yi shi ne ya ɗaga adadin daga 11 zuwa 27 cikin wata goma sha takwas, a kan batun da shekara goma da suka wuce sanata ke tsoron ko taɓa shi. Gaskiya ne kujerarsa ba ta cikin haɗari, mutanen Vermont sun saba da shi, kuma ba ya dogara da kuɗin manyan masu ba da gudunmawa, don haka ya fi wasu sararin yin magana. Amma akwai sanatoci da dama masu kujeru tabbatattu kamar tasa da ba su motsa ba.

Abu ɗaya da bai kamata in ɓoye maka ba: a al'amuran zamantakewa ra'ayinsa ya yi nisa da naka, idan na fahimci inda ka fito. Yana goyon bayan 'yancin zubar da ciki ba tare da wata-wata ba. A 1996, lokacin da wakilai 342 suka amince da dokar da ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai a idon gwamnatin tarayya, yana cikin 67 da suka ƙi. Shi a wurinsa tushen abin ɗaya ne da wanda ya sa ya je masallaci a Washington a Disamban 2015 ya yi tir da kiran Trump na hana Musulmi shiga Amurka, ya kuma naɗa Musulmi, Faiz Shakir, shugaban kamfe ɗinsa a 2019: gwamnati kada ta ware wani rukuni na jama'a. Musulmin Amurka da yawa sun auna wannan da wancan suka zaɓe shi, musamman a Michigan, kuma 'yan majalisa Musulmi Ilhan Omar da Rashida Tlaib sun mara masa baya a takarar 2020. Ana kuma yi masa gorin cewa mai sukar attajirai ya zama miloniya da gidaje uku. Haka ne, daga cinikin littattafan da ya rubuta bayan 2016 ya samu kuɗin, kuma ban ga inda hakan ya sauya ƙuri'arsa a kan haraji ba.

Wa'adinsa na yanzu zai ƙare a Janairun 2031, yana da shekara 89, kuma ya ce mai yiwuwa shi ne na ƙarshe. Idan kana son ka bi shi da kanka, shafin intanet na Majalisar Dattawan Amurka yana wallafa kowace ƙuri'ar kiran suna a ranar da aka kaɗa ta, jiha-jiha, suna-suna. Duk lokacin da ya sake kawo ƙudurin makamai, ka duba adadin waɗanda suka bi shi, ka kuma duba ko an samu ɗan Republican a cikinsu, domin ko da ƙudurin ya samu 51 a Majalisar Dattawa, sai ya tsallake ta Wakilai, kuma idan shugaban ƙasa ya hau kujerar na-ƙi ana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, wato sanatoci 67, kafin a danne shi.